CINIKIN BIRI A SAMA: HAR YAUSHE ZA A RIƘA YAƘAR ANNOBA IDO RUFE?

Ƴan kasuwa da ma'aikata mutanen lissafi ne, saboda haka da lissafi za mu soma. Daga ranar 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da ake zaton sanƙarau ya kama a jahar Damagaram, 18 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Gundumar lafiya ta Dungas ce a kan gaba da mutum 342, sai ta Matamaye, wadda Dungu ke cikinta, da mutum 98. Cikin waɗannan 559, mutum 228 ne aka ɗebi ruwan ƙashin bayansu domin awo. Cikin 228, guda 154 ne aka auna a cibiyar CERMES ta Yamai zuwa ranar da aka rufe ƙidayar. Cikin 154, an ga ƙwayar cuta a 111. Alƙaluman nan na hukumar lafiya ta duniya ne, OMS, babu ɗan adawar da ya ƙago su.

To, a ɗauki alƙalami. A cire 228 daga 559, saura 331: marasa lafiya 331 da aka ba cutarsu suna da ido kawai. A cire 154 daga 228, saura 74: yara da manya 74 da aka lanƙwasa bisa gado, aka soka musu allura a gadon baya, danginsu na tsaye suna kallo, kuma ranar da aka rufe littafi amsar awonsu ba ta fito ba. Wane ɗan kasuwa ne zai aika buhu 228 a mota, a ce masa 154 suka sauka, ya yi shiru? Wane akawu ne zai sa hannu a kan wannan takarda?

Abin da wannan jarida ke cewa a fili yake. Ƙasar da ba ta iya faɗin sunan abin da ke kashe ƴaƴanta cikin kwana biyu ko uku, a kusa da inda suke mutuwa, cinikin biri a sama take yi da rayukan talakawa. Gwamnatoci sun zo sun wuce tun daga Taron Ƙasa na 1991, masu rawani da masu kwat da masu kaki, kowace ta yanke ƙyallen buɗe likita a gaban kamara, amma ɗakin awo ya kasance ɗan bora a kowane kasafi. Wannan sakaci ne, kuma sakacin yana da masu shi.

SANƘARAU BA ƊAYA BA NE

Mai karatu zai ce: in wuyan yaro ya sanƙare, jikinsa ya yi zafi, kansa na sarawa a tsakiyar hunturu, ai ko tsohuwa a ƙauye ta san sanƙarau ne, mene ne na awo? Gaskiya ne ta san sanƙarau. Abin da ba ta iya gani, wanda babban lokotoro ma ba ya iya gani da ido, shi ne dangin ƙwayar. Ƙwayar da ke haddasa annobar sanƙarau iri-iri ce, masana sun sa musu haruffa: A, C, W, X, Y. Allurar rigakafin da aka yi domin A ba ta tare C. In ka yi wa gari duka allurar da ba ta dace ba, ka kashe kuɗi, ka kashe lokaci, ka kuma sa mutane sun saki jiki suna zaton sun tsira.

Tarihinmu shaida ne. Shekara da shekaru nau'in A ne ke yi mana kisan kiyashi. Shi ne ya ratsa ƙasar nan a 1995, shi ne ya mamaye yankin Sahel a 1996, inda aka ƙidaya kimanin mutum 250,000 da suka kamu da 25,000 da suka mutu. A 2002 nau'in W ya afka wa Burkina Faso. A 2006 nau'in X, wanda a lokacin babu allurarsa a duniya, ya bayyana a Yamai da yammacin ƙasa. Daga 2010 aka soma yi mana allurar MenAfriVac, A ya ja da baya, aka yi murna kamar an gama yaƙi. Ba a jima ba wani sabon nau'in C, wanda aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013, ya ƙetaro. A 2015 ya kama mana kimanin mutum 8,500, ya kashe 573, har aka rufe makarantun Yamai cikin Afrilu. Shi ne kuma ya dawo Dungas da Matamaye da Magarya da Mirya: cikin ƙwayoyi 111 da aka tabbatar, 104 nau'in C ne.

Ga inda awo ke zama maganar rai da mutuwa. Akwai rumbun allurar gaggawa na duniya da aka kafa a 1997 bayan masifar 1996. Masu riƙe da makullinsa ba su buɗe shi don ministan wata ƙasa ya yi kuka a waya. Suna neman shaida biyu: cewa masu kamuwa sun kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, da kuma amsar ɗakin awo mai nuna dangin ƙwayar. Ƙa'idar masana ita ce a yi allura cikin mako huɗu da ƙetare wannan iyaka, in ba haka ba ta zama ihu bayan hari. Ke nan kowace rana da kwalbar awo ta kwana a likitar ƙauye tana jiran mota, an cire ta daga cikin kwanaki 28 ɗin nan. Ruwan ƙashin baya kuwa ba gyaɗa ba ne da za a ajiye a rumbu: in ba a kai shi ɗakin awo nan take ba, sai an zuba shi cikin wata kwalba ta musamman mai raya ƙwayar, in babu kwalbar ƙwayar ta mutu a hanya, awo ya ce babu kome alhali yaro na kwance rai a hannun Allah. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Daga Dungu sai a ƙara ta Matamaye da ta Damagaram.

BA ILIMI MUKA RASA BA

Kada wani ya ce mana wannan aikin Turawa ne, ya fi ƙarfinmu. Tun 2002 cibiyar CERMES ke auna sanƙarau da hanyar nan ta binciken gadon halittar ƙwaya da ake kira PCR, kuma da ita aka gane nau'in X a 2006. A cikin wannan cibiya, a nan Yamai, tare da cibiyar Pasteur ta Faransa, aka ƙirƙiro wani ɗan tsinken awo da ake tsomawa cikin ruwan ƙashin baya, cikin ƴan mintoci ya nuna ko A ne, ko C, ko W, ko Y, ba tare da lantarki ko madubin likita ba. An bayyana sakamakon a 2006, duniya ta yaba. Shekara ashirin ke nan. A je a tambayi majo na kowace likitar karkara a gundumar Kance abin da ke cikin kabad ɗinsa ranar da aka kawo masa yaro mai sanƙararren wuya. Ƙasar da ta haifi dabara ita ce ke jiran a aiko mata da ita cikin kwalin agaji.

Ba sanƙarau kaɗai ba. A 2016 makiyaya sun soma mutuwa a yankin Cintabaradan da Tasara tun farkon Agusta, dabbobi na ɓari, ba a san dalili ba. Sai da jini ya je Dakar, aka kai tsakiyar Satumba, sannan aka ce zazzaɓin Rift ne. A 2017 mata masu juna biyu sun yi ta mutuwa da shawara a jahar Difa tun Janairu. Sai cikin Afrilu aka bayyana cewa ciwon hanta ne nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa. Makonni da watanni mutane na binne ƴan'uwansu, hukuma na cewa ana bincike. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun da gangan aka ƙi kunna masa fitila.

DARASIN KORONA DA AKA ƘI KOYO

Ranar 16 ga Maris 2020 shugaban OMS, Tedros Ghebreyesus, ya tsaya a Janeba ya nanata wa ƙasashe kalma ɗaya har sau uku: a yi awo. Bayan kwana uku aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar. A lokacin CERMES ce kaɗai idon ƙasa. Da yake ba a iya gane mai cuta daga marar cuta, sai aka ɗauki kowa mai cuta ne: aka rufe iyakoki, aka killace Yamai, aka kafa dokar hana fitar dare, aka hana jam'i a masallatai. A Mirya matasa suka yi bore tun ƙarshen Maris, a Yamai aka yi ta artabu cikin Afrilu. An zargi talaka da jahilci. Amma me aka nuna masa? An ce masa akwai cuta, bai ga wanda aka auna a garinsu ba, bai ga takarda ba, sai kulki. Gani ya kori ji, kuma hukumar da ba ta da abin nunawa sai ta koma ga bulala. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin abin da waɗannan watanni suka ci: albasa ta ruɓe, rake ya bushe a bakin hanya, jari ya karye. Rashin awo ya fi awo tsada nesa ba kusa ba.

A ƙetaren iyaka abin ya fi muni. Cikin Afrilu 2020 masu haƙa kabari a Kano suka soma faɗin cewa gawawwaki sun yi yawa, manyan malamai da dattawa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Daidai wannan lokaci ɗakin awon korona na birnin ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Hukumomin jihar suka ce hawan jini ne, da ciwon suga, da zazzaɓi. Sai cikin Yuni ministan lafiya na Nijeriya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mamata 979, kuma ana jin rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na da nasaba da korona. Ta yaya aka gane? Ta hanyar bin gidaje ana tambayar dangin mamaci yadda ya yi jinya. Birni mai miliyoyin mutane ya koma yin awo a bakin kabari.

Mu kuwa a nan, da aka buɗe filayen jirgin sama cikin Agusta 2020, sai ga awo ya samu ga mai jika 30. Albashi mafi ƙanƙanta a lokacin sefa 30,047 ne. Wato kuɗin awo guda na mai tafiya Faransa ko Dubai daidai yake da guzurin wata na lebura. Awo ya zama takardar ƙetare iyaka ta masu hali, ya daina zama makamin kare jama'a. A ƙarshe littafin hukuma ya nuna kusan mutum 10,000 da suka kamu da mamata ɗari uku da ɗoriya, wasu suka bugi ƙirji suka ce mun fi Turai dabara. Mai yiwuwa ƙuruciyar al'ummarmu ta kare mu. Amma wanda bai buɗe rumbu ba ba shi da bakin rantsuwa cewa gara ba ta shiga ba.

Duniya ma ta nuna halinta. Ƙasashe masu arziki sun saye kayan awo tun daga masana'anta, Afirka ta tsaya a ƙarshen layi da kuɗinta a hannu. A 2021 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba su samun awo ko kaɗan ko kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, kuma a ƙananan likitocin ƙasashe matalauta mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun awo mafi sauƙi. A Mayu 2023 babban taron OMS ya zartar da ƙuduri a kan ƙarfafa awo. A Mayu 2025 aka amince da yarjejeniyar annoba, mai alkawarin keɓe wani kaso na allura da magani da kayan awo domin matalauta. Takardu ne masu kyau. Sai dai a 2025 ɗin nan Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID, ta kuma ba da sanarwar ficewa daga OMS. Wanda ke jiran tuwon maƙwabci ya san ranar da za a rufe masa ƙofa.

MASHAƘO DA TAKUNKUMI

Ranar 17 ga Yuli 2023 aka ba da rahoton mutum na farko mai mashaƙo a gundumar lafiya ta Matamaye. Babu wanda ya isa ya ce abin ya zo ba zato. Tun Disamba 2022 cutar ke cin yara a Kano, kuma duk wanda ya san hanyar Ɗan Barto zuwa Daura, ko kasuwar Mai'aduwa, ko zirga-zirgar almajirai da ƴan ci-rani da masu kai raken fadamun Korama, ya san abin da ya kwana a Kano zai wuni a Matamaye. Wata bakwai gemun maƙwabci na ci da wuta. Wane ruwa aka shafa?

Mashaƙo a farkonsa kamar ciwon maƙogwaro ne na yau da kullum. Sai wata fata mai toka-toka ta rufe maƙoshi, wuya ya kumbura, dafin ƙwayar ya bi jini ya taɓa zuciya. Tabbatar da shi sai an shafo maƙogwaro da auduga, an shuka ƙwayar a ɗakin awo, an kuma gwada ko mai dafi ce. Maganin dafin, wanda daga jinin doki ake samo shi, kaɗan ne a duniya, ba a rabon sa sai inda aka nuna hujja.

Bayan kwana tara da wannan rahoto sojoji suka karɓi mulki. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke lantarki, kayan magani suka maƙale a hanyar Kwatano, har zuwa 24 ga Fabrairu 2024 da aka ɗage. Shugabannin da suka yanke wuta ga ƙasar da ke cikin annoba sun san firjin allura da injin awo ba da kalanzir suke aiki ba, kuma tarihi zai tambaye su. Amma kada takunkumin wata bakwai ya zama bargon rufe sakacin shekara talatin. Da an sa wa ɗakunan awonmu farantan hasken rana, a ƙasar da rana ba ta fashi, da wa zai iya yanke mana ita?

AMSA GA MASU CEWA BA YANZU BA

Mun san abin da za a ce, domin mun sha jin sa a ofisoshi.

Na farko: ƙasa matalauciya ce, gara a sayi magani da a sayi kayan awo. Wannan lissafin wanda bai taɓa riƙe kanti ba ne. Tsinken awon zazzaɓin cizon sauro bai kai sefa 500 ba, cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin yake ba da amsa, kuma tun 2010 OMS ta ce kada a ba kowa maganin zazzaɓi sai an auna. Ranar da tsinken ya ƙare a likita, duk mai zafin jiki mai zazzaɓin sauro ne: a ba shi ƙwayoyin da ba ya bukata, a hana wanda ke bukata, shi kuma abin da ke cin sa, ko limoniya ce ko taifot ko farkon sanƙarau, ya ci gaba da aikinsa. Ya dawo bayan kwana uku a kan amalanke. Ina tsimin yake?

Na biyu: likita ba ya jiran awo kafin ya yi magani. Haka ne, kuma kada ya jira. Yaron da ake zaton sanƙarau ko mashaƙo a soma yi masa allura nan take. Haka kuma in an riga an san dangin ƙwayar a gunduma, ba dole ne a soki kowa ba. Amma magani na mutum ɗaya ne, awo na gari ne. Shi ke faɗin allurar da za a nema, da ƙauyen da za a fara, da ranar da wani sabon nau'i ya shigo a ɓoye, da lokacin da ƙwaya ta daina jin magani. Kuma in har an soki yaro, haƙƙinsa ne amsa ta dawo wurin wanda ya soke shi.

Na uku: yanzu akwai allura mai tare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, wadda OMS ta amince da ita a 2023, Nijeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, mu ma muka bi a shekarar, sanƙarau ya ƙare. Madalla da allurar. Haka aka ce a 2010. Cikin 111 ɗin nan na Damagaram akwai bakwai da wasu ƙwayoyi dabam suka haddasa, waɗanda wannan allura ba ta taɓa su. Banda haka, allurar ma sai an auna ta. A 1995, a tsakiyar annoba, an yi wa fiye da mutum 50,000 a ƙasar nan allurar jabu da ta shigo da sunan gudummawa. A 2015 OMS ta sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau a kasuwannin Nijar. Wanda ba shi da ɗakin awo ba ya sanin cutarsa, ba ya kuma sanin maganinsa.

KOWA DA KASONSA

Magabata su ne kan gaba. A Abuja, cikin Afrilu 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi; a shekarun nan kason da ake ba ta a ƙasarmu bai kai ko kashi 10 ba. A 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, aka yi guɗa, sannan baitulmali ya riƙa jan ƙafa wajen biyan likitoci, bashi ya taru, kabad ya bushe, kyauta ta koma takardar sayen magani. A Agusta 2024 hukumomin yanzu sun rage rabin kuɗin jinya da na awo a likitocin gwamnati. Mataki ne da talaka ya ji a aljihunsa, kuma ba mu raina shi ba. Amma rabin kuɗin awon da babu shi nawa ne? In ba a cike wa likitoci gibin ba, za a maimaita 2006.

Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a jahar Damagaram, ganga 20,000 a rana. Babu tankar da ke fita sai an auna ingancin abin da ke cikinta. Jahar da ke iya auna fetur a gida tana aika ruwan bayan ƴaƴanta kilomita 900. Ana ta maganar diyaucin ƙasa safe da yamma, kuma muna cikin masu son sa. To, diyauci ya haɗa da sanin abin da ke cikin jinin ɗanka ba tare da jiran motar wata ƙungiyar agaji ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Senegal ta buɗe masana'antar tsinken awo a Dakar tun 2020, da sefa irin tamu.

Ma'aikata, ku ma da naku. Akwai majo da ungozoma da mai awo da ke aiki dare da rana a karkara, wasu a kan kwantaragi shekara da shekaru, wasu ba albashi, kuma su ne ke riƙe da ƙasar nan. Amma akwai kuma wanda ba ya cika takardar rahoton mako sai an yi alkawarin kuɗin taro, da wanda ke ɓoye adadi don kada a ce gundumarsa ta ɓaci, da wanda kayan awon kyauta ke bi ta hannunsa su ɓulla a kasuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƴan kasuwa, kada ku yi murmushi. Wa ke shigo da kwalayen ƙwayoyi ta ɓarauniyar hanya? Wa ke ba yaro tire ya zagaya kasuwar ƙauye da kafso ja da rawaya, yana rubuta magani da ka? Mutumin da ba ya karɓar jika goma sai ya ɗaga ta a rana, ba ya sayen gero sai ya soka buhu ya murza a tafi, shi ne ke sayar wa uwa maganin cutar da ba a auna ba. Waɗannan ƙwayoyi su ke danne alamun sanƙarau har lokaci ya ƙure, su ke ɓata awo, su ke koya wa cuta jure magani.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba aljanna muke nema ba, abubuwa shida ne da ake iya ƙirgawa.

A ba babban asibitin Damagaram cikakken iko da kayan aiki na tabbatar da sanƙarau da mashaƙo da kwalara da ƙyanda a nan take, da layinsa na kansa a kasafin ƙasa, CERMES ta zama mai duba aiki da horarwa.

A ajiye kwalaben ɗaukar awo da tsinkayen gaggawa a kowace likita ta Dungu da Kance da Tsauni da Yawuri da sauransu kafin Nuwamba, kafin iskar hunturu ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin masu sufuri. Motocin da ke kai saƙon ɗan kasuwa Yamai cikin kwana guda suna iya kai akwatin sanyi.

A sa wa ɗakin awon kowace gunduma lantarkin hasken rana, a ɗauki masu awo aiki na dindindin.

A riƙa bayyana adadin mako-mako, nawa aka ɗiba, nawa aka auna, kwana nawa amsa ta yi, a karanta da Hausa a gidajen rediyon karkara, kantomomi da sarakuna su ji, jama'a su ji.

A riƙa musayar labarin cuta kai tsaye tsakanin Matamaye da Daura, tsakanin Magarya da Dungas da jihar Jigawa. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya tana nan tun 1971. Ko shugabanni na gaisawa ko ba su gaisawa, ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen duwan.

Hunturu na tafe kamar yadda ya saba, da ƙurarsa da bushewar maƙoshi. Za a kawo wani yaro wata likita a gundumar Kance wuyansa a sanƙare, majo zai lanƙwasa shi ya ɗebi ruwa. Muna son ministan lafiya da gwamnan Damagaram su faɗa wa jama'a tun yanzu, a rubuce, kwana nawa amsar za ta yi kafin ta dawo. In sun faɗa, za mu buga a shafin farko, mu kuma riƙa ƙirga kwanakin tare da masu karatu. In sun yi shiru, shirun ma za mu buga.